Sharhi a kan darasin fiziks na ƙarshen mako a Mabera: zangon ƙarfin musayar nutirino

A unguwar Mabera da ke cikin birnin Sakkwato akwai wani ɗaki a saman bene, bisa jerin shaguna, inda wani malamin jami'a da ya yi ritaya yake koyar da fiziks na nazari ga duk wanda ya biya kuɗin zango, a ranakun Asabar da Lahadi, daga bayan sallar La'asar zuwa kiran Magariba. Ba makaranta ce mai rajista ba, ba a ba da takardar shaida, kuma babu allon talla a bakin ƙofa. Labarin wurin yana yawo ne a bakin ɗaliban digiri na biyu da malaman kimiyya na makarantun sakandare. Tsarin Malam shi ne ya ɗauki mas'ala guda ɗaya tak a kowane zango, ya bi ta tun daga tushe har zuwa inda binciken masana ya tsaya a yau. Zangon da na halarta an keɓe shi ne ga ƙarfin da ke tasowa tsakanin ƙwayoyi biyu na zarra idan suka yi musayar nutirino a tsakaninsu, wato wata ƙwaya mara caji mai ƙarancin nauyi ƙwarai. Hukuncina shi ne darasin ya cancanci kuɗinsa da lokacinsa ga wanda ya zo da shiri, sai dai kashinsa na ƙarshe bai kai na farko inganci ba, kuma akwai gyare-gyaren da ba za su ci kuɗi mai yawa ba da ya kamata a yi.

Abin da ya fi jan hankali tun farko shi ne zaɓen mas'alar kanta, domin wannan ƙarfi ne da ba a taɓa auna shi a kowane ɗakin gwaji a duniya ba. A zaman farko wani malamin sakandare ya ɗaga hannu ya ce: "Allah shi gafarta Malam, abin da ba a taɓa gani ba, kuma ba ya cikin manhajar kowace jarrabawa, mene ne ribar mu kashe zango guda a kansa?" Tambaya ce mai kyau, kuma amsar da Malam ya bayar ita ce ta zama ƙashin bayan darasin gaba ɗaya. Ya nuna cewa kowane sinadarin da ake buƙata domin a lissafa wannan ƙarfi an riga an auna shi daban. An tabbatar da samuwar nutirino a 1956, lokacin da Reines da Cowan suka kama alamarsa kusa da injin nukiliya na Savannah River a Amurka, shekara 26 bayan Pauli ya yi hasashensa a 1930. An san girman lambar Fermi, wadda ke auna ƙarfi mai rauni, wato ƙarfin da nutirino ke mu'amala da sauran ƙwayoyi ta hanyarsa, da matuƙar daidaito. An ga mu'amalar nutirino da ba ta canja cajin ƙwaya a cibiyar binciken ƙwayoyi ta CERN da ke Turai a 1973, aka kuma gano ƙwayoyin W da Z, masu ɗauke da ƙarfi mai rauni, a can a 1983. Ko karon da nutirino ke yi da cibiyar atom ɗungurungum, wanda Freedman ya yi hasashensa a 1974, an gan shi a Oak Ridge a 2017. Saboda haka ƙarfin musayar nutirino ba zato ba ne da wani ya ƙaga. Sakamako ne na dole ga duk wanda ya yarda da ka'idar da aka riga aka gwada. Ɗalibin da ya iya fitar da shi da hannunsa ya taɓa kusan kowane makami da masanin nazari yake aiki da shi. Na gamsu da wannan hujja, kuma har zangon ya ƙare ban ga abin da ya rushe ta ba.

Salon koyarwar ya yi kama da karatun zaure da garin nan ya gada tun zamanin Shehu Usmanu da Abdullahi ɗan Fodiyo, inda malami ba ya wuce layi sai almajiri ya mayar masa da shi daidai. Malam yana rubuta alamomin lissafi kamar yadda suke a littattafan duniya, amma bayani da tambaya da amsa duk da Hausa ake yi, kuma duk matakin da ya rubuta a allo sai ya kira wani ya faɗi dalilinsa kafin a ci gaba. Wannan yana sa tafiyar ta yi nauyi, musamman ga waɗanda suka saba da lacca mai gudu, amma yana hana mutum ya yaudari kansa cewa ya gane alhali kwafa kawai ya yi.

Kashi na farko, wanda ya shafi tarihi da tushen tunanin, shi ne mafi kyau a wurina. Malam ya fara da ka'idar da ke cewa duk wani ƙarfi tsakanin ƙwayoyi biyu yana zuwa ne ta hanyar wata ƙwaya da suke musaya. Ƙarfin lantarki musayar foton ce, wato ƙwayar haske, kuma da yake foton ba shi da nauyi, makamashin da ke tsakanin caji biyu yana raguwa ne a hankali, gwargwadon 1/r, inda r yake nufin nisan da ke tsakaninsu. Idan ƙwayar da ake musaya tana da nauyi, ƙarfin yana yankewa bayan wani ɗan nisa, kamar yadda Yukawa na Japan ya nuna a 1935. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, kafin Yukawa ya kai ga nasa tunanin, masanan Tarayyar Sobiyet biyu, Tamm da Ivanenko, sun gwada a 1934 su bayyana abin da ke ɗaure furoton da nutiron a cibiyar atom ta hanyar musayar ilektiron da nutirino tare, bisa sabuwar ka'idar Fermi. Da aka yi lissafi sai ƙarfin ya fito da rauni ƙwarai, bai ko kusanci abin da ake buƙata ba, kuma wannan gazawa tana cikin abin da ya buɗe wa Yukawa hanya zuwa ga ƙwaya mai nauyi, wadda aka gano a 1947 da sunan fayon. Daga baya Feynman, a laccocinsa a kan girabiti a Caltech a 1962 zuwa 1963, ya duba ko jan da abubuwa masu nauyi ke yi wa juna zai iya zama musayar nutirino biyu ne, ya kuma ga cewa ba zai yiwu ba. Malam ya sa mu da kanmu muka tattaro dalilan: girabiti yana raguwa a hankali da nisa, wannan kuwa yana faɗuwa da sauri, girabiti bai damu da irin sinadarin da aka yi abu da shi ba, wannan kuwa ya dogara ga adadin ilektiron da nutiron, girabiti ja ne a kullum, wannan kuwa turi ne tsakanin ƙwayoyi iri ɗaya. Darasin da ke nuna wa ɗalibi manyan masana sun bi hanya ta ƙi ɓullewa, tare da nuna masa ainihin inda ta toshe, ya fi masa amfani a kan jerin nasarori kawai.

Daga nan aka shiga tambayar da ke zuciyar mas'alar, wato me ya sa sai nutirino biyu, ba ɗaya ba. Nutirino yana da juyi na rabi, kamar ilektiron, juyi kuwa wata siffa ce ta asali ta ƙwaya mai kama da juyawa a kan kanta. Ƙwayar da ta fitar da nutirino guda ɗaya ba za ta zauna yadda take ba, dole juyinta da asalinta su canja, saboda haka ba za a samu ƙarfin da ke tsaye tsakanin abubuwa biyu da suka ci gaba da zama yadda suke ba. Amma idan ƙwaya ta fitar da nutirino tare da kishiyarsa, wato antinutirino, ɗayar kuma ta karɓe su duka biyu, kowacce ta tsira da asalinta. A zanen Feynman, wato zanen da masana ke nuna musayar ƙwayoyi da shi, wannan yana fitowa ne a matsayin zobe rufaffe, kuma zobe alama ce ta cewa abin ba shi da takwara a fiziks na da. Ɗan asalin ka'idar kwantam ne. Malam ya kwatanta shi da ƙarfin Casimir da Polder na 1948, wanda ke tasowa daga musayar foton biyu tsakanin atom biyu marasa caji, yana kuma raguwa gwargwadon 1/r⁷ idan sun yi nisa. Wannan haɗi ya taimaka ƙwarai, domin ya nuna cewa irin wannan ƙarfi na musayar ƙwayoyi biyu sananne ne, kuma an auna na foton.

Inda darasin ya fi nuna darajarsa shi ne yadda aka fitar da sakamakon sau biyu, ta hanyoyi biyu mabambanta. Hanyar farko ba ta buƙatar komai sai duba ma'auni. Kowane gefe na zoben yana kawo lambar Fermi guda, wadda girmanta ya kai kimanin 1.166 × 10⁻⁵ a ma'aunin GeV⁻², saboda haka sakamakon yana ɗauke da lambar an ninka ta da kanta, wato G². Idan nutirino ba shi da nauyi, babu wani tsayi a cikin mas'alar sai nisan da ke tsakanin ƙwayoyin, kuma hanya ɗaya ce kawai za a haɗa waɗannan a samu makamashi: a raba da r⁵. Cikin 'yan mintoci ɗalibi ya ga daga ina 1/r⁵ ya fito, ya kuma gane ma'anarsa, wato idan aka ninka nisa sau biyu makamashin zai ragu sau 32, idan aka ninka sau goma ya ragu sau 100,000. Hanya ta biyu ita ce cikakken lissafin zoben, wanda ya ci zama da yawa, har aka kai ga sakamakon da Gerald Feinberg da Joseph Sucher suka wallafa a 1968, wato G² a raba da 4π³r⁵, wanda Hsu da Sikivie suka sake fitarwa ta wata hanya a 1994. Malam bai yarda a karɓi 4π³ a matsayin abin da aka gada ba. Sai da kowa ya ga daga wane mataki kowane π ya shigo. Aikin gida na wannan kashi yana da wuya, kuma Malam yana gyara shi da jan biro layi bayan layi, yana rubuta dalilin kowane kuskure a gefe. Ban san wani wuri a garin nan da ɗalibi zai samu irin wannan kulawa a kan lissafin ka'idar kwantam ba, kuma a ganina wannan gyaran kaɗai ya biya kuɗin zangon.

Ya kuma yi kyau da aka tsaya a kan iyakokin sakamakon. Ka'idar Fermi tana aiki ne muddin nisan ya fi tazarar da ƙwayoyin W da Z ke iya kaiwa, kuma da yake nauyinsu ya kai kimanin GeV 80 da GeV 91, wannan tazara ba ta wuce 'yan 10⁻¹⁸ na mita ba. Ƙasa da haka dole a koma ga cikakkiyar ka'idar. Haka nan girman ƙarfin da alkiblarsa sun dogara ga irin ƙwayoyin: tsakanin ilektiron biyu turi ne, tsakanin ilektiron da nutiron ja ne, furoton kuwa rabonsa kaɗan ne, saboda yadda wata lamba ta ka'idar da ake kira kusurwar Weinberg ta kusan soke cajinsa na ƙarfi mai rauni. Feinberg da Sucher sun yi aikinsu na farko shekara 5 kafin a ga mu'amalar da ke bi ta ƙwayar Z, shi ya sa sai daga baya aka cike wannan ɓangare.

Zaman da aka sa lambobi a cikin sakamakon shi ne wanda ya fi sanyaya jikin ɗalibai, kuma ina ganin Malam ya yi daidai da bai sassauta gaskiyar ba. Idan ilektiron biyu suna da nisan kashi ɗaya cikin goma na nanomita, wato kimanin faɗin atom, makamashin lantarki da ke tsakaninsu ya kai kusan 14 a ma'aunin makamashi na ilektiron-bolt, na musayar nutirino kuwa yana wajen 10⁻³² na ilektiron-bolt. Ko girabiti, wanda kowa ya san shi ne mafi rauni a cikin ƙarfafan halitta huɗu, yana rinjayar ƙarfin nutirino tsakanin nutiron biyu da zarar nisansu ya wuce kimanin nanomita ɗaya. A nisan da ƙarfin nutirino ya fi girabiti, ƙarfin lantarki ya riga ya binne shi. A nisan da za a iya kawar da lantarki, girabiti da ƙarfin Casimir sun binne shi. Gwaje-gwajen ma'aunin murɗa, wato na'urar da ke auna ƙarfi ta yadda yake murɗa siririn zare, da ake yi a Jami'ar Washington da ke Seattle sun gwada dokar girabiti har zuwa nisan kimanin maikiromita 50, kuma ko a can ƙarfin nutirino ya yi ƙasa nesa da abin da na'urar za ta iya ji. Wannan shi ne dalilin da ya sa ba a gan shi ba, kuma duk ɗalibin da ke wurin ya fita yana iya bayyana dalilin da lambobi, ba da ji-ta-ji-ta ba.

Batun nauyin nutirino ya zo a tsakiyar zango, kuma nan ne mas'alar ta haɗu da binciken da ake yi a yau. Gwajin Super-Kamiokande a Japan a 1998 da na Sudbury a Kanada a 2001 da 2002 sun nuna cewa nutirino yana rikiɗa daga wani iri zuwa wani a kan hanya, abin da ba zai yiwu ba sai yana da nauyi, kuma a kan haka Kajita da McDonald suka samu kyautar Nobel a 2015. Gwaje-gwajen rikiɗa suna nuna cewa aƙalla ɗaya daga cikin nutirino uku nauyinsa ya kai kimanin 0.05 na ilektiron-bolt, gwajin KATRIN da ke Karlsruhe a Jamus kuwa ya sa iyaka ta sama a 0.45 a sakamakon da ya wallafa a 2025. Da zarar an sa nauyi a cikin zoben, dokar 1/r⁵ tana tsayawa ne a gajeren nisa kawai, bayan haka ƙarfin ya yanke da sauri irin na Yukawa. Ga nutirino mai nauyin 0.1 na ilektiron-bolt, wurin yankewar yana kusa da maikiromita ɗaya. Abin da ya fi ba ni sha'awa a duk zangon yana nan: yadda ƙarfin ke yankewa ya dogara ga ko nutirino da kishiyarsa abu biyu ne daban, kamar yadda ka'idar Dirac ta tsara, ko kuwa abu ɗaya ne, kamar yadda Majorana ya kawo a 1937. Grifols da Massó da Toldrà sun lissafa wannan a 1996. A gajeren nisa amsoshin biyu ɗaya ne, amma a nesa na Majorana ya fi saurin raguwa. Wannan tambaya ta Dirac ko Majorana tana cikin manyan tambayoyin da ba a warware ba a ilimin ƙwayoyi, ana kashe dukiya mai yawa ana neman amsarta a gwaje-gwajen ƙarƙashin ƙasa, sai ga shi amsar tana rubuce a cikin siffar wani ƙarfi da ɗalibi zai iya lissafawa da biro a Mabera, ko da yake babu na'urar da za ta karanta ta tukuna. Malam ya sa mu muka duba da kanmu cewa duka amsoshin biyu suna komawa ga na Feinberg da Sucher idan aka mayar da nauyin sifili, kuma wannan irin binciken kai yana cikin kyawawan ɗabi'un da darasin ke dasawa.

An kuma ba da zama guda ga taƙaddamar da Fischbach ya tayar a 1996. Ya yi lissafin cewa a cikin tauraron nutiron, inda nutiron kimanin 10⁵⁷ suka cunkushe a ƙwallon da tazarar tsakiyarsa zuwa gefe ba ta wuce kilomita goma da 'yan kai ba, musayar nutirino tsakanin ƙwayoyi da yawa a lokaci guda za ta haifar da makamashin da ya fi nauyin tauraron kansa nesa ba kusa ba, sai fa idan nutirino yana da nauyin da bai gaza 0.4 na ilektiron-bolt ba. Wasu masana sun sake duba lissafin suka nuna cewa idan aka tattara dukkan ɓangarorin yadda ya kamata, wannan bala'in makamashi ba ya tasowa. Malam ya gabatar da hujjar kowane ɓangare cikin adalci, bai raina wanda aka yi wa gyara ba, kuma zaman ya nuna yadda ake saɓani a kimiyya ba tare da an bar fagen hujja ba.

Raunin darasin ya bayyana a kashi na ƙarshe. Da yake an daɗe a kan lissafin zobe, sai lokaci ya ƙure, aka cusa manyan batutuwa biyu a cikin zaman da bai ishi ko ɗayansu ba. Na farko shi ne neman wannan ƙarfi a cikin atom. Tunda 1/r⁵ yana girma da sauri idan nisa ya ragu, wurin da ya fi dacewa a neme shi shi ne inda ilektiron ke kusantar cibiyar atom, kuma Stadnik ya nuna a 2018 cewa auna matakan makamashin atom masu sauƙi, irin su haidirojin da miyoniyam, wanda ilektiron da wata ƙwaya mai suna miyon ke haɗuwa su yi, yana ba da iyakokin da suka fi na gwajin manyan abubuwa tsanani. Akwai kuma hanyar bambancin dama da hagu, wadda ƙarfi mai rauni ne kaɗai ke karya daidaitonta, wadda aka auna a atom ɗin siziyam a Boulder a 1997 da daidaiton kashi 0.35 cikin 100, kuma Ghosh da Grossman da Tangarife sun duba rabon musayar nutirino a irin wannan tasiri a 2020. Duk wannan an ambace shi ne a gurguje, ba a yi lissafi ko ɗaya ba, alhali a nan ne ɗalibin da ke neman batun bincike zai fi samun abin kamawa. Na biyu shi ne tasirin nutirinon da suka riga suka cika sararin da ƙwayoyin ke ciki. Akwai ragowar nutirino tun farkon halittar sararin samaniya, kimanin 336 a kowane kyubik santimita, masu zafin digiri 1.95 a ma'aunin Kelbin, ga kuma na rana da ke ratsa kowane murabba'in santimita fiye da biliyan 60 a daƙiƙa guda. Horowitz da Pantaleone sun nuna tun 1993 cewa irin wannan taro yana canja siffar ƙarfin, kuma a 'yan shekarun nan an sake buɗe muhawarar ko nutirinon rana ko na injin nukiliya za su iya ƙara masa girma har a ji shi. Malam ya faɗi sakamakon ya wuce, wanda ya saɓa wa ƙa'idarsa ta kada a karɓi abin da ba a fitar ba. Da a ce an raba zangon gida biyu, ko an rage tarihin kaɗan, da wannan kashi ya samu haƙƙinsa.

Ta fuskar wuri da kayan aiki, abin a yaba ne a wani gefe, abin a gyara a wani. Ɗakin yana da tsabta, akwai fankoki da ke aiki da hasken rana, saboda haka ɗaukewar wuta ba ta tsayar da karatu, amma a watannin bazara zafin saman bene da yamma yana da tsanani, kuma fanka ba ta iya masa. Allon ya yi ƙanƙanta ga lissafin da ke cin layi ashirin, sai a goge farkon hujja kafin a kai ƙarshenta, wanda ke wahalar da mai bin dalili. Babu rubutattun bayanai da ake rabawa, sai hotunan allo da ɗalibai ke turawa a zauren WhatsApp, waɗanda galibi ba sa fita sosai. Malam yana ganin rubutu da hannu yana cikin karatu, kuma ina tare da shi a kan haka, amma taƙaitaccen bayani na shafi biyu bayan kowane zama ba zai rage wannan fa'ida ba, zai kuma ceci wanda uzuri ya hana shi zuwa. Lokacin tashi ma yana da matsala ga 'yan uwanmu mata da ke zuwa daga nesa, kamar wajen Dundaye ko Arkilla, domin samun abin hawa bayan Magariba ba ya da sauƙi, kuma na lura wasunsu suna fita kafin a kammala amsa tambayoyi. Mayar da zaman Asabar zuwa safe zai magance wannan.

Kuɗin zangon ba shi da tsada idan aka auna shi da yawan aikin gyaran da Malam ke yi, ana kuma iya biya kashi biyu, wanda ya sauƙaƙa wa malaman makaranta da ke jiran albashi. Adadin ɗalibai kaɗan ne da gangan, shi ya sa kowa yana samun damar tambaya. Babu gwajin shiga, kuma wannan kuskure ne a tsarin, domin wasu sun biya sun zauna zama biyu ko uku sannan suka gane cewa lissafin ya fi ƙarfin shirinsu. Takarda guda mai tambayoyi kaɗan da za a ba mai son shiga ya gwada a gida za ta hana wannan asara.

Wanda zai amfana da darasin shi ne ɗalibin digiri na biyu ko na ajin ƙarshe a fiziks ko lissafi, daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Jami'ar Jihar Sakkwato, da malamin kwaleji ko na sakandare da ke son ya sabunta iliminsa da gaske. Wanda ke neman abin da zai taimake shi cin jarrabawar zangon karatu ko takardar da zai ƙara a fayil ɗinsa, wannan ba wurinsa ba ne. Kafin mutum ya biya, ya tabbata ya yi darasin kwantam na matakin digiri, ya san ka'idar dangantaka ta musamman ta Einstein, ya saba da juyin Fourier da lissafin lambobi masu sarƙaƙiya, ya kuma sake duba ayyukan Bessel, domin su ne ke fitowa da zarar an ba nutirino nauyi. Ya kuma tambayi Malam tun kafin a fara ko an ware wa batun atom da na nutirinon rana isasshen lokaci a wannan karon, domin idan an gyara wannan zan ba da shawarar zangon ba tare da wani sharaɗi ba.